Yadda za a kai Wi-Fi ga Raspberry Pi da aka girka a waje

Eriyar Wi-Fi ta ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 'yar mitsitsiya ce a jikin allon, kuma daga Pi 3 zuwa Pi 5, har da Zero 2 W, babu wurin ɗaura wata. A cikin ɗaki tana wadatarwa. Da zarar an kai Pi ɗin bakin get don kyamara, ko gindin tankin ruwa, ko shagon da ke tsallaken layi, sai ya riƙa kamawa yana saki. Yawancin mutane daga nan sai kasuwar Beirut Road ko Farm Centre a Kano, neman na'ura "mai ƙarfi". Kafin ka kashe ko kwabo, tuna cewa Wi-Fi magana ce ta ɓangare biyu: ko rautarka ta yi ihu har Pi ɗin ya ji, idan amsarsa ba ta dawowa, aikin banza ne. Tsawo da buɗaɗɗiyar hanya ne ke gyara ɓangarorin biyu a lokaci guda.

Fara da awo. Ajiye Pi ɗin a ainihin inda zai zauna, cikin akwatinsa a rufe, ka buga `iw dev wlan0 link`. Zai ba ka ƙarfin sigina a ma'aunin dBm. Idan ka ga -60, lafiya lau. Wajen -67 zuwa -70 zai ɗauki kyamara, amma a bakin gaɓa kake. Daga -80 kuwa katsewa ce kawai. Duk 3 dB da ka rasa, rabin ƙarfin ne ya tafi, kuma a fili sai ka ƙaro 6 dB kafin nisan ya ninka.

Akwai gyaran da ba ya cin kuɗi. A `raspi-config` ka sa ƙasa NG. Ka kashe tattalin wuta na Wi-Fi da `sudo iw dev wlan0 set power_save off`, don yana sa Pi ya yi gyangyaɗi ya daina amsawa. Wannan umarni yana gogewa idan an sake kunnawa. A Raspberry Pi OS Bookworm, mai ɗorewar ita ce `sudo nmcli connection modify SUNA 802-11-wireless.powersave 2`, ka sa sunan haɗin Wi-Fi ɗinka a madadin SUNA. A rauta ka tsaya kan 2.4 GHz, faɗi 20 MHz, tasha 1, 6 ko 11. A unguwanni masu cunkoso irin Fagge da Kurna, `nmcli dev wifi list` zai nuna maka tashar da maƙwabta suka cika, sai ka kauce mata.

Sannan ka tsaya a wurin Pi ɗin ka dubi inda rautar take. Me ke tsakani? Kwanon rufi da ƙofar ƙarfe ba sa barin sigina ya wuce, mayar da shi suke yi. Tankin roba cike da ruwa yana shanye shi. Katangar bulo ko ta ƙasa tana cin rabonta, biyu ko uku a jere sun gama da shi. Bishiya ce ta fi yaudara: haɗin da ya ratsa darbejiya da rani zai iya mutuwa a watan Agusta, lokacin da ganye ya yi kauri ya kuma jiƙe. Ganin juna kawai ma bai isa ba, sigina yana buƙatar sarari a kewayen layin. A tazarar mita 200 kan 2.4 GHz, a tsakiyar hanya ana son aƙalla mita ɗaya da rabi tsakanin layin da kowane rufi ko reshe. Shi ya sa fayif na mita uku a saman gini yakan fi na'ura mai tsada amfani.

Idan nisan bai wuce cikin gida ko maƙwabci ba, adaftar Wi-Fi ta USB mai eriyar da ake kwancewa ta isa. Kada ka saya da sunan kamfani, tambayi guntun (chip) da ke ciki. Atheros AR9271, Ralink RT3070 da MediaTek MT7612U suna aiki a Linux ba tare da wahalar direba ba. TP-Link TL-WN722N misali ne na tarko: bugu na farko AR9271 ne, na biyu da na uku Realtek ne, kwali kusan iri ɗaya. Ka duba lambar bugun a bayan adaftar, a gida kuma `lsusb` zai tabbatar.

Babban kuskure a nan shi ne barin adafta a ƙasa a ja wayar eriya zuwa sama. Waya irin RG58 tana cin kusan 1 dB a kowace mita kan 2.4 GHz, wato mita takwas ta cinye duk ribar eriya mai 8 dBi. Adaftar kanta za ka ɗaga, da eriyarta a jiki, cikin fayif na roba mai murfi, ka sauko da wayar USB. Mita 5 ce iyakar USB 2.0, fiye da haka sai mai ƙara ƙarfi a ciki. Ka soka ta a baƙar kafa, don shuɗiyar kafar USB 3.0 tana fitar da hayaniya daidai kan 2.4 GHz. Sai ka sa `dtoverlay=disable-wifi` a `/boot/firmware/config.txt` don kada Pi ya koma kan eriyarsa ta ciki.

Ga nisan da ya kai mita ɗari ko fiye, ka bar Wi-Fi na Pi gaba ɗaya. Sayi na'urar waje guda biyu, kamar TP-Link CPE510 mai 5 GHz da 13 dBi. Ɗaya a gida a matsayin AP, wato mai watsawa, an haɗa ta da rauta, ɗaya a can a matsayin Client, wato mai karɓa, suna fuskantar juna, Pi ɗin kuma a kan kebul. Idan kuɗi bai kai ba, CPE210 guda ɗaya mai 2.4 GHz da aka saita ta kalli Pi ɗin tana taimakawa, don eriyarta mai 9 dBi tana ƙara ji kamar yadda take ƙara murya. Amma ka kashe MAXtream a cikin saitinta, in ba haka ba Pi ba zai iya shiga ba. Wutarsu ta cikin kebul take bi, bolt 24: a jikin cajar da ke zuwa da su, ramin POE na CPE ne, ramin LAN na Pi ko rauta. Kada ka sauya su. Kebul ya zama Cat5e ko Cat6 na waje, jan ƙarfe zalla. Kankare silin ɗaya da wuƙa, in ka ga fari a ciki alminiyam ne, wuta za ta faɗi a hanya. Kada tsawon kebul ɗin ya wuce mita 60.

Sau da yawa abin da ake ɗora wa Wi-Fi laifin caja ne. Pi 4 yana son bolt 5, amfiya 3, adafta kuma tana ƙara ja. Buga `vcgencmd get_throttled`. In ba `0x0` ka gani ba, wuta ta gaza ko zafi ya yi yawa. A watan Afrilu, da Kano ke haura digiri 40 a inuwa, baƙin akwati a rana zai kai Pi digiri 80 inda yake fara rage gudu. Yi amfani da farin akwatin roba a ƙarƙashin inuwa, hudojin iska suna kallon ƙasa, da raga saboda tururuwa da ƙurar hunturu. Kowace waya ta shigo ta ƙasa, a lanƙwasa ta ƙasa da ramin don ruwa ya ɗiga a waje. Fayif na ƙarfe a saman gini kuma a haɗa shi da sandar da aka kafa a ƙasa kafin hadarin farko, a sa kariyar tsawa a kan kebul inda ya shiga ɗaki.

Bayan an ɗaure komai, bar `ping -c 1000` yana bugun adireshin rautar, sau ɗaya da tsakar rana, sau ɗaya bayan isha'i lokacin da kowa ke kan waya. Idan asarar ta wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari, sauya tasha tukuna, in bai gyaru ba ka ƙara wa fayif tsawo.