Tawakkali a Gonar Gero

Wani mutum ya tambayi Annabi (SAW) ko ya ɗaure raƙumarsa ko ya sake ta ya dogara ga Allah. Sai ya ce masa ya ɗaure ta sannan ya yi tawakkali, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Manomi ma akwai rabonsa na aiki.

Kada ruwan farko ya ruɗe ka. Tona ƙasa tukuna. In danshi bai kai zurfin tafin hannu ba, ka dakata da shuka, domin tsiro kan ƙone idan ruwa ya ɗauke. Cuɗa iri da Apron Star, maganin kare iri daga ƙwari da cututtuka, giram 10 ga kilo 4 na gero. Bayan mako biyu ka rage tsiro, ka bar biyu ko uku a rami, cunkoso ne ke kawo siraran zangarniya. Ƙuduji kuwa, wato ciyawar da ke tsotsar saiwar gero, a tuge shi kafin ya yi fure, don ƙwayarsa na shekaru a ƙasa ba ta mutu ba.

Saukar ruwa na Allah ne. In fari ya shigo, jama'a su fita sallar roƙon ruwa, raka'a biyu, a yawaita istigfari. Idan amfani ya kai sa'i 300, ka fitar da ɗaya cikin goma zakka.