Yadda Za Ka Ziyarci Senghenydd, Ƙauyen Masu Haƙar Kwal a Wales

Ɗan Kaduna da karatu ko ziyarar dangi ta kai shi Cardiff, babban birnin yankin Wales na Birtaniya, yana iya ware yini guda ya je Senghenydd, ƙauyen da ke ƙarshen kwarin Aber, kimanin mil huɗu daga garin Caerphilly. Sharaɗin farko shi ne ka san tarihin wurin tun kafin ka tashi, domin an daɗe da rufe ramin kwal ɗin, kuma wanda ya je da ka ba zai ga komai ba sai gidajen dutse a jere a gindin tudu, ya juyo yana ƙorafin ya yi asarar kuɗin mota.

Mahaƙar da ake kira Universal ita ce ta tara jama'a a nan cikin shekarun 1890, lokacin da jiragen ruwan Birtaniya ke rububin kwal ɗin kudancin Wales. Ranar 24 ga Mayu, 1901, iskar gas ta fashe a cikin ramin, mutum 81 suka rasu. Ranar 14 ga Oktoba, 1913, da misalin ƙarfe takwas na safe, yayin da ma'aikata kusan 950 ke ƙarƙashin ƙasa, aka sake samun fashewar da ta hallaka 439, sannan wani mai aikin ceto ya rasu daga baya. Har yau ba a yi haɗarin mahaƙa mai muni kamarsa a Birtaniya ba. Masu bincike sun fi zargin tartsatsin wayar ƙararrawar lantarki da kunna gas ɗin, ƙurar kwal ta yaɗa wutar, hayaƙi mai guba kuma ya shaƙe waɗanda wutar ba ta ci ba. Mata fiye da 200 suka shiga takaba, yara fiye da 500 suka zama marayu, amma tarar fam 24 kacal aka ci manajan, kamfanin kuma fam 10. An daina haƙa a 1928. Duk wanda ya san yadda Kakuri ta koma bayan rufe masaƙu zai gane halin da ƙauyen ya shiga, ko da yake su nasu ya haɗa da kaburbura.

Ka hau jirgin ƙasa daga Cardiff zuwa Caerphilly, tafiyar kusan minti ashirin ce, sannan ka shiga bas a tashar da ke maƙwabtaka da ta jirgin. Ka rubuta sunan ƙauyen a takarda ka nuna wa direba, saboda "dd" ɗin ƙarshe ba kamar namu "d" ake furta shi ba. Ka riƙe rigar ruwa da takalmi mai ƙwari ko da rana ta fito da safe, ka kuma tafi da guzurinka da dardumar salla.

Ka fara da dandalin tunawa da masu haƙar kwal na Wales, wanda aka buɗe a 2013, shekara ɗari cif bayan haɗarin, a filin tsohuwar mahaƙar kusa da makarantar firamare ta Nant-y-Parc. Za ka ga mutum-mutumin tagulla na mai ceto yana tallabe da wanda ya tsira, amma inda ya cancanci ka daɗe shi ne jikin bangon da aka manna wa fale-falen yumɓu, kowanne ɗauke da sunan mamaci da shekarunsa da adireshinsa. Kada ka yi sauri a nan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya, za ka tarar da 'yan shekara 14, ka tarar da sunan gida ɗaya ya maimaitu, uba da ɗansa ko wa da ƙanensa. Ka kwafi sunan layi guda, ka taka zuwa can ka tsaya ka ƙirga ƙofofi. A ganina wannan ya fi duk wani bayanin da ke rubuce a allo. Akwai kuma 'yar hanyar da aka jera sunayen haɗurran mahaƙun Wales fiye da 150. Wasu daga mutanen ƙauyen jikokin mamatan ne, saboda haka ka sassauta murya, ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton wani.

Daga nan ka gangara tsakiyar ƙauyen ka ga hasumiyar agogo ta tunawa da sojojin yaƙin duniya, ka leƙa ɗan gidan tarihin kwarin Aber, wanda 'yan sa-kai ke kula da shi, don haka ka tabbatar da ranar da suke buɗewa kafin ka baro Cardiff. Mai ƙarfin gwiwa yana iya hawa tudu zuwa tsohon cocin Eglwysilan, inda aka binne wasu daga cikin mamatan.

Idan ka dawo da sauran rana, ka ƙarasa unguwar Butetown a Cardiff, kusa da tashar jiragen ruwan da a da ake lodin wannan kwal. Aikin jiragen ne ya kawo matuƙa 'yan Yaman da Somaliya suka zauna a can tun ƙarni na 19, kuma a masallacin unguwar za ka iya samun jam'in magariba.