Yadda Za Ka Gane Samfurin Peugeot 504 da Injinta Kafin Ka Saya

Ina ƙaunar wannan mota, kuma ba na ɓoyewa. Peugeot 504, wadda muke ce wa Fijo, ta fito a Faransa a 1968, ta ci kambun motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin Peugeot Automobile Nigeria (PAN) na Kaduna kuma ya ci gaba da harhaɗa ta shekaru da yawa bayan Turai ta daina ƙera salun ɗinta a 1983. Motar da ta yi irin wannan daɗewa, da wuya ka same ta yadda ta baro masana'anta. An sauya mata inji, an ɗauko ƙofa daga wata, an liƙa mata tambarin da ba nata ba. Don haka kada ka gaskata rubutun da ke jikin but. Ga yadda za ka karanta ta da idonka.

Da farko ka ja da baya ka kalli siffarta daga gefe. Salun mai ƙofa huɗu tana da wata alama da ba ta ɓuya: murfin but ɗinta yakan tafi a miƙe, sai ya karye ya gangaro ƙasa. Kamfanin zane na Pininfarina na Italiya na da hannu a wannan fasali. Wagon ta fi tsawo, tazarar tayar gaba da ta baya mita 2.90 ce, ta salun kuwa 2.74, rufinta kuma ya ɗan ɗaga ta baya. Leƙa ciki ka ƙirga layin kujeru. In uku ne, Familiale ce, ta iyali, mai ɗaukar mutum bakwai. In biyu ne da fili a baya, Break ce ko Commerciale ta ɗaukar kaya. Akwai a-kori-kura, akwai kuma masu ƙofa biyu, Coupé da Cabriolet, na 1969. Waɗannan biyun ba su da yawa, ba kuma su ne motar iyali ba, mu wuce su.

Mataki na biyu shi ne wanda mutane ke ƙyuyar yi, alhali ya fi kowanne faɗin gaskiya. Shimfiɗa kwali ka kwanta, ka haska tocila tsakanin tayoyin baya. In ka ga kowace taya tana da hannunta daban, da ɗan sanda mai juyawa da ya fito daga tsakiya zuwa gare ta, to salun ce ta sama, irin su GL ko TI, kuma za ka tarar birkin baya ma na faifai ne. In kuwa aksul ɗaya ne ɗoɗar ya haɗa tayoyin biyu, to ko dai salun ce mai sauƙi irin 504 L da aka fitar a 1973, mai birkin ganga a baya, ko kuma wagon. A ƙarƙashin wagon ka ƙirga sifirin masu murɗi, za ka ga huɗu, biyu kowane gefe. Su ne sirrin da ya sa take shan kaya ba ta durƙusa ba. A-kori-kura kuwa sifirin ɗinta na falle-falle ne.

Tunda kana kwance, bi farfela da ido, wato sandar da ke kai juyin inji zuwa tayoyin baya. A 504 tana cikin wani bututun ƙarfe ne mai kauri daga giyabos har baya, ba a fili take juyawa ba. Wannan bututu yana cikin abin da ya sa motar take jure hanya mai gargada. In ka ga walda a jikinsa, ka tambayi dalili.

Sai ka tashi ka buɗe bonet. Injin fetur na 504 mai silinda huɗu ne, kuma a kishingiɗe yake, an karkatar da shi digiri 45 zuwa gefe ɗaya. Wanda bai sani ba sai ya zaci kujerar inji ce ta karye, alhali haka aka ƙera shi don bonet ya yi ƙasa. Na farkon cc 1796 ne, a 1970 aka ƙaro mai cc 1971, wanda ake kira XN1 in mai kafireta ne. Da ido kaɗai ba za ka bambance su ba, sai ka goge maiƙon jikin bulok ka karanta haruffa da lambar da aka buga, ka gwada da takardun mota.

Duba abin da ke ba shi mai. In kafireta ce zaune ƙarƙashin tukunyar iska, ka huta, kowane bakanike ya san ta. In ka ga famfo da siraran bututai huɗu suna tafiya kowace silinda, wannan injekshin ne na Kugelfischer, na TI. Ya fi ƙarfi, ya fi daɗin taka totur, amma masu iya saita shi sun yi ƙaranci. Na taɓa zuwa ganin wata da aka rantse mini TI ce, tambarin yana ta ƙyalli a baya. Muna ɗaga bonet sai ga kafireta, ga ramukan da aka kwance famfon an toshe su. Ni dai don hawan yau da kullum na fi son XN1, amma a faɗa mini gaskiyar abin da nake saya.

In babu fulogi irin na injin fetur, kuma injin bai kishingiɗa sosai ba, na dizal ne, ƙirar Indenor. Akwai mai cc 1948, da 2112, da 2304. Ba su da gudu, suna da ƙara, amma akwai tsimin mai da juriya.

Kafin a tayar, zaro sandar baƙin mai. Silindojin injin fetur ɗin nan hannun riga ne da ake zurawa cikin bulok, ruwan lagireto yana zagaye su kai tsaye. Alherin wannan shi ne ana iya sauya su da fistin a mayar da inji sabo. Sharrinsa kuma, in abin da ke toshe gindinsu ya gaji ko gasket ya ƙone, ruwa sai ya gauraya da mai. In ka ga man ya yi fari-fari kamar an zuba masa madara, akwai aiki babba a gaba. Kan injin na alminiyom ne, ba ya son zafi ko kaɗan, saboda haka ka tambaya ko ta taɓa tafasa.

Cikin motar ba ya buƙatar dogon bayani. Na farko-farko giyarsu a jikin sitiyari take, na baya a ƙasa, yawanci giya huɗu, wasu kuma otomatik mai uku. Abin da za ka ba lokaci shi ne tsatsa. Ɗaga kafet ka danna daɓen da yatsa, ka duba ƙasan ƙofofi, da inda shokozoba na gaba suka kama jiki, da ƙasan but. Ɗan maganaɗisu a aljihu zai nuna maka inda aka cike da fota, domin ba zai kama wurin ba.

Daga nan ka karɓi makulli, injin yana da sanyi, ka tayar da kanka. Nemi hanya mai ramuka ka bi a hankali, gilashi a sauke, rediyo a kashe. Lafiyayyar 504 lilo take yi a kan rami, ba ta dukan ƙugu. In ka ji ƙwanƙwasa daga baya ko kukan aksul yana ƙaruwa da gudu, tsaya ka sake shimfiɗa kwalin nan.