Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Bayanin Faɗuwar Sarki Harold a Hastings

Da an tambayi ɗalibi me ya sa Harold, sarkin Ingila, ya sha kaye a yaƙin Hastings a hannun Wiliyam, mai mulkin Normandi da ke arewacin Faransa, ranar 14 ga Oktoba 1066, sai ka ji ya ce rashin sa'a ce. Akwai gaskiya a maganar, amma galibi ana ɗora sa'ar a inda ba nan take ba.

Kuskuren da na fi gani shi ne jingina komai ga kibiyar da aka ce ta soki Harold a ido. Wannan hoto ya shahara ne saboda ƙyallen Bayeux, mai tsawon kusan mita 70, wanda aka ɗinka labarin yaƙin a kansa, kuma an yi wa ɗinkin gyare-gyare a ƙarni na 19. Wata tsohuwar ruwaya ma cewa ta yi mahaya huɗu ne suka sassare shi. Ko da kibiyar ce, sai da rana ta kusa faɗuwa ya mutu, bayan an wuni ana gwabzawa. Ka ambace ta a matsayin ruwaya, kar ka mai da ita tushen hujjarka.

In sa'a kake nema, duba iska da jerin kwanaki. Harold ya jibge dakarunsa da jiragensa a gaɓar tekun kudancin Ingila tsawon watanni yana dakon Wiliyam ya ƙetaro daga Normandi. Guzuri ya ƙare, ga kaka ta zo, yawancin mutanen kuma manoma ne, sai ya sallame su ranar 8 ga Satumba. Ba a jima ba Harald Hardrada, sarkin Norwe, ya sauka a arewa tare da Tostig, ƙanin Harold. Dole Harold ya nausa arewa, tafiyar kusan kilomita 300 daga Landan, ya murƙushe su a Stamford Bridge ranar 25 ga wata. Kwana uku kacal bayan haka, ranar 28, Wiliyam ya sauka a Pevensey, a gaɓar kudu, babu mai tare shi. Marubutan Normandi sun ce iska ce ta tsare shi makonni kafin ta juya masa. Da ya ƙetaro a watan Agusta, da ya tarar da runduna cikakkiya, hutacciya. Shi ya sa nake cewa ka jera ranakun nan a takarda tun kafin ka fara rubutu. Su ne ƙashin bayan hujjar.

Wani kuskuren, wanda ya fi ba ni takaici, shi ne kiran gaggawar Harold ƙaddara. Da ya dawo Landan 'yan kwanaki kawai ya yi, bai jira ƙarin dakaru sun gama taruwa ba. Wiliyam yana ƙona ƙauyukan Sussex, ƙasar gidan su Harold, don ya tunzuro shi, kuma tarkon ya kama. Wannan shawarar Harold ce, shi ya yanke ta, don haka ka rubuta ta ƙarƙashin shawara.

Haka ma a fagen daga. Mutanen Harold sun haɗa garkuwa da garkuwa a kan tudu, sun gagari dawakin Normandi sa'o'i. Waɗanda suka ɓalle daga sahu suka bi abokan gaba gangare su aka kewaye aka kashe, ƙannensa Gyrth da Leofwine ma suka faɗi a ranar. Wiliyam ya zo da mahaya da maharba masu yawa, mutanen Ingila kuwa a ƙasa suka yi yaƙi, maharbansu kaɗan. Wannan shiri ne. Inda sa'a ta sake leƙowa shi ne lokacin da jita-jita ta bazu cewa an kashe Wiliyam, sahunsa ya fara watsewa. Yana raye, ya ɗaga kwalkwalinsa suka ga fuskarsa, suka juyo. An naɗa shi sarki a Westminster ranar 25 ga Disamba 1066.