Darasi na 7: Ƙungiyoyin amanar filaye da yadda suke haɗa kai

Duk wanda ya taɓa jin labarin waƙafi ba zai sha wahalar wannan darasin ba. Kun tuna gonar Sayyidina Umar ta Khaibar wadda ya tsayar da asalinta, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gadonta, amfaninta kawai ake ci? To a Amurka akwai abu mai kama da haka duk da ba ɗaya suke ba, su ba don addini suke yi ba, don kar gine-gine su cinye gonaki da dazuzzuka da fadamu ne. Masu wannan aikin ƙungiyoyi ne masu zaman kansu, ba na gwamnati ba kuma ba na neman riba ba, mu kira su ƙungiyoyin amanar filaye. Ta farko an kafa ta a jihar Masacusets a 1891, a Ingila ma an kafa National Trust a 1895.

Hanya biyu suke bi. Ko dai su sayi filin gaba ɗaya ko a ba su kyauta, ko kuma a yi takardar sharaɗi, wannan ta biyun ita ce ke buƙatar natsuwa. A ce wani dattijo yana da gona eka 200 da rafi a gefenta, ya ga 'yan kasuwar filaye sun fara yanka gonakin maƙwabta fuloti-fuloti, sai ya je wajen ƙungiya a rubuta cewa gonar nan ba za a yanka ta ba, ba za a gina rukunin gidaje a ciki ba, ba za a sare itatuwan bakin rafi ba, har abada. Gona tana nan tasa, yana noma abinsa, zai iya sayarwa, 'ya'yansa za su gada, amma sharaɗin ya manne da ƙasar, duk hannun da ta faɗa da shi za ta tafi. Gwamnati kuma tana rage masa haraji, da sharaɗin alkawarin ya zama na dindindin.

To ai faɗin "har abada" ba wuya, cika shi ne aiki. Da yawa daga cikin ƙungiyoyin nan ƙanana ne, wata ma ba ta da ma'aikaci ko ɗaya sai 'yan sa kai. Kuma rigima ba daga dattijon take zuwa ba, shi da ya kawo kansa. Daga mai saye na biyu ko na uku take ɓullowa, wanda bai san dattijo ba, kuɗi ya zuba yana son ya mayar. Shi ya sa ranar da aka sa hannu ake haɗa fayil, hotuna da taswira da bayanin duk abin da ke filin, har rumbu da shinge. Duk shekara sai wani ya sa takalmi ya zaga iyakar gonar da fayil ɗin a hannu, ya tsaya daidai inda aka ɗau hoton farko ya sake ɗauka, in ya tarar da sabuwar hanyar mota ko kututturan itace inda a hoto akwai inuwa, magana ta taso kenan. Da farko lallami ake yi, in ya ƙi sai kotu, kuma kuɗin lauya a Amurka kaɗai ya isa ya durƙusar da ƙaramar ƙungiya.

Nan ne haɗin kan ya shigo. A 1982 suka kafa uwar ƙungiya wadda yanzu ake kira Land Trust Alliance, hedikwatarta a Washinton. A 1989 suka fitar da ƙa'idojin aiki na bai ɗaya, yadda za a ajiye takardu, yadda za a riƙe kuɗi, da yadda ɗan kwamiti ba zai sayar wa ƙungiyarsa filinsa a ɓoye ba. A 2006 aka kafa hukumar tantancewa, a bincike ka a ba ka shaida, bayan wasu shekaru a sake dubawa. Amma wanda ya fi burge ni shi ne inshorar da suka yi wa kansu mai suna Terrafirma, ta fara aiki a 2013. Kowace ƙungiya na zuba kuɗi duk shekara gwargwadon yawan filayen da take riƙe, wadda rigima ta faɗa wa a ɗauka a biya mata lauya, kamar dai asusun taimakon juna na 'yan kasuwa. Mai kuɗin da ya yi niyyar gajiyar da ƙaramar ƙungiya a kotu sai ya tarar ɗaruruwa ne a bayanta.

Akwai kuma wata dabara, a cikin takardar ana iya rubuta sunan wata ƙungiyar da za ta karɓi amana idan ta farko ta mutu. Wani lokacin kuma fili ya fito kasuwa ba lokacin tara kuɗi, sai babba irin The Nature Conservancy ta saya da sauri, daga baya ta miƙa wa ta yankin ko wa gwamnati. Ƙidayar 2020 ta nuna ƙungiyoyin amanar filaye na Amurka sun kiyaye eka miliyan 61, wato sama da kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Najeriya.

Ba a rasa 'yan damfara ba fa, wasu sun riƙa zuzuta ƙimar fili don a yafe musu haraji mai yawa, uwar ƙungiyar da kanta ta matsa har majalisa ta yi dokar taka musu birki a 2022. Sannan kar wani ya ɗauka gobe zai kwafo tsarin nan yadda yake, a Najeriya dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasa a hannun gwamna ne a matsayin amana.

Aikin gida: ku tambayi wani dattijo a unguwarku inda hurumin gari ko burtali ko filin idi ya tsaya a da, ku je ku duba inda ya tsaya yau. Ku rubuto jimla 5, ku faɗi ko akwai takarda, da kuma a hannun wa take.