Yadda Ake Zaɓen Allura da Zare Daidai da Yadin da Za a Ɗinka

Da zarar keken ɗinki ya fara tsallake ko tsinka zare, sai ka ga ɗan koyo ya kai hannu kan tenshan, wato abin da ake murɗawa a daidaita matsin zare. A murɗa dama, a murɗa hagu, a kwance ƙaramin sukurun gidan bobin (inda zaren ƙasa yake), kafin masta ya dawo daga masallaci an riga an ɓata saitin keken gaba ɗaya. Alhali sau da yawa laifin allura ne, ko zaren da bai dace da ita ba. A shagunan ɗinki na Aboabo da Asawase a Kumasi za ka tarar da allura lamba 14 guda ɗaya ta ɗinka atamfa da safe, shifon da rana, wandon jins da yamma. Ka'idar ita ce, ba a taɓa tenshan sai an gama da allura da zare.

Fara da sanin irin allurar da kekenka yake ci. Baƙin keke mai hannu ko mai ƙafa, irin Butterfly da tsohon Singer, yana cin allura mai shafaffen gefe ɗaya a gindinta. A jikin fakitin za ka ga an rubuta HAx1 ko 130/705H, abu ɗaya ne. Keken wuta na indastiriyal, irin Juki DDL-8700, yana cin DBx1, gindinta zagayayye ne, ba shafaffen gefe. Akwai DPx5 mai kama da ita amma gindinta ya fi kauri, kada mai shago ya ce maka duk ɗaya ne. Obalok kuwa, keken da ke ɗinke bakin yadi kada ya zare, tasa gajeruwa ce, DCx27. In za ka Kejetia ko Adum sayayya, riƙe tsohon fakitin a aljihu ka nuna. Organ, Schmetz da Groz-Beckert sun fi tsada, amma mai arahar da ba a goge hujinta da kyau ba ita ce ke cinye zare tana tsinkawa, kuɗin da ka rage a allura sai ya tafi a yadin mutane.

Sai lamba. Za ka ga lambobi biyu, misali 90/14. Ta farkon kaurin allurar ce: 90 na nufin milimita 0.9. Ta biyun ita teloli suka fi kira. Yadda lamba ta hau, haka allura ke ƙara kauri. Zare kuma akasin haka ne, kuma nan ake rikicewa: 60/2 ya fi 40/2 siranta, 20/2 ya fi su kauri duka. Zaren kon ɗin da ya cika kasuwa 40/2 ne na foliyesta, shi ke tafiya da allura 11 zuwa 14. Siririn 60/2 na allura 9 zuwa 11 ne. Mai kauri 20/2 ko 20/3 sai 16 zuwa 18.

Ga gwajin da ba ya buƙatar keke. Yanko zare kamar tsawon kamu ɗaya, ka zura allurar a jikinsa, ka riƙe bakin biyu ka ɗan karkata. In allurar ta sulale da kanta zuwa ƙasa, sun dace. In ta maƙale sai ka girgiza, zaren ya yi mata kauri, kuma a keke zai riƙa tsefewa a bakin huji har ya tsinke. In kuma zaren siriri ne allurar ƙatuwa, ramin da ta huda ya fi ƙarfin zaren ya cike shi, sai ɗinki ya fito da ramuka a jere.

Atamfa, ko GTP ce ko Woodin ko ta Caina, ba ta da rigima: 80/12 ko 90/14, zare 40/2, tsawon ɗinki wajen milimita 2.5. Haka kakin makaranta da yadin kaftani.

Shadda ce ke tona asirin tela. Saƙarta matsattsiya ce, an buge ta ta yi ƙyalli, kuma duk inda allura ta huda ramin ya zauna, ko an warware ɗinkin an goge ba ya komawa. Saboda haka shadda, musamman mai tsada irin Getzner, ba a ɗora ta a kan tsohuwar allura. Sa sabuwa fil mai tsini sosai, 80/12. In ka samu wadda aka rubuta Microtex a fakitinta, ita ce ta aikin. Masu ganin taurin shadda su ɗauko lamba 16 kuskure suke yi, taurin na sitaci ne da bugu, ba kaurin yadi ba ne. Lamba 14 sai a wuya da bakin aljihu inda yadi ya ninku huɗu ko an manna gam, wato ƙyallen da ake liƙawa daga ciki don yadi ya yi tauri. Ƙara tsawon ɗinki zuwa milimita 3, domin ɗinki mai ƙanana sosai yana jera ramuka kusa da kusa har yadin ya yage a kan layin, galibi a hammata. Sannan sitacin da gam suna taruwa a jikin allura, musamman a keken wuta da ke gudu allura ta yi zafi. Idan zare ya fara tsinkewa bayan an yi nisa lafiya lau, tsaya ka shafa allurar da yatsa. Za ka ji danƙo. Goge ta da ƙyalle mai ɗan sifirit, ka rage gudu. Ka kuma saurari keken: allurar da ta dakushe tana yin ɓus-ɓus a kan shadda kamar ana huda takarda, mai kaifi ba a jin shigarta.

Yadi mai roba, irin na doguwar rigar mata da hijabi mai talewa, shi ne uban tsallake, kuma yana da kyau a san dalili. Allura na sauka ƙasa, in ta fara ɗagowa kaɗan sai zaren ya yi ɗan lanƙwasa a bayanta, ƙugiyar da ke ƙasa ta cafke shi. Yadin roba yana manne wa allura ya biyo ta sama, lanƙwasar ba ta samuwa, ƙugiya ta wuce hannu banza. Ko ka kwana kana murɗa tenshan ba zai gyaru ba. Maganin shi ne allura mai dunƙulallen baki, wadda ke ratsa tsakanin zaren saƙa maimakon ta yanke shi. A na gida ana rubuta Stretch ko Jersey, a na indastiriyal ka nemi SES bayan lambar. 75/11 ta isa yawancinsu. Zare kuma foliyesta, don yana ɗan bayarwa. Na auduga tsinkewa zai yi ranar da aka sa rigar. In ba a samu allurar ba kuma aiki na gaggawa ne, shimfiɗa siririyar takarda a ƙarƙashin yadin ka ɗinka tare, daga baya ka yage ta. Dabara ce ta fita kunya, ba ta kullum ba.

Shifon da siliki da satin: 65/9 ko 70/10, zare 60/2, ɗinki milimita 2. Babbar allura tana tura yadin cikin ramin farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin allura, keke ya haɗiye shi, mai ɗan ƙaya a baki kuma ta ja zare ɗaya ya yi layi har ƙasan riga. Leshi mara dutse 80/12. Mai duwatsu kuwa a fasa ko a cire duwatsun da ke kan layin ɗinki tukuna, in ba haka ba fakiti guda ba zai kai ka ƙarshen riga ba.

Kente na gaske, irin saƙar Bonwire, ƙwarya-ƙwarya ake saƙa shi mai faɗin kusan inci 4 sannan a harhaɗa. Saƙar hannu ce, tana zarewa da wuri, don haka a bi bakin da obalok ko a manna gam mara nauyi kafin a kai shi keke, allura sabuwa 90/14. Fugu na Arewacin Gana ya fi kauri, 100/16, a wurin tattara ma har 110/18. Jins 16, zaren ado na sama 20/3 da allura 18, amma a bobin bar 40/2, baƙin keke ba ya son zare mai kauri a ƙasa. Ban da irin wannan, zaren sama da na ƙasa su zama iri ɗaya. Zaren surfani mai sheƙi na ado ne, ba a haɗa riga da shi.

Wajen ɗaurawa, tura allurar sama har ta tokare kafin ka ɗaure sukuru. In ta sauko ko da kaɗan ne, tsallake ya dawo. A jikinta akwai dogon kwari ta gefe ɗaya, daga nan zare ke shiga. A Butterfly shafaffen gefe na kallon dama, zare daga hagu zuwa dama. A Juki dogon kwarin na hagu. A kekunan gida na zamani shafaffen gefe na kallon baya.

Kamfanonin allura na cewa a canza bayan kamar awa 8 na ɗinki. Ba kowa zai iya ba, amma kafin aikin Sallah da duk yadi mai tsada, canza. Wadda ta taɓa bugun faranti ko fil a jefar, ko ba ta karye ba. Da damina allura na tsatsa a Kumasi, a bar ta cikin fakitinta. Kon ɗin da ya daɗe a taga rana na dukansa, ja shi da hannu; in ya tsinke ba wuya, ajiye shi don ɗinkin wucin gadi. Duk abin da ka zaɓa, gwada shi a kan ƙyallen yadin da kansa, ninki biyu, ka juya ka duba bayan. Idan har yanzu zare na taruwa a ƙasa, sake zura zaren sama daga farko da ƙafar da ke danne yadi a ɗage, sannan ka taɓa tenshan, rabin juyi a lokaci guda.