Yadda za ka shirya wa fainal ɗin hurling na Munster tun kafin ranar ta zo

In kana Ailan wajen ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuni za ka ga tutoci sun cika ƙofofin gidaje da tagogin motoci, ja da fari a Cork, kore da fari a Limerick, ruwan ɗorawa da shuɗi a Clare, to fainal ɗin hurling, wasan ƙaramar ƙwallo da ake bugawa da sanda, na lardin Munster da ke kudancin ƙasar ne ya ƙarato, kuma wallahi in ka samu hali ka je ka gani da idonka, don talabijin ba ya nuna rabin saurin wasan nan. Gundumomi biyar ke fafatawa a gasar, waɗancan ukun sai Tipperary da Waterford, tun 2018, ban da 2020 da 2021, kowa na karawa da kowa ne sannan biyun da suka fi maki su haɗu a wasan ƙarshe. Wanda ya ci ya ɗaga kofin Mick Mackey ya wuce kai tsaye wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙasa baki ɗaya, wanda aka ci bai fita ba, sai dai ya bi doguwar hanya. Amma kar ka gaya wa ɗan Munster cewa ai akwai wata dama a gaba, shi a ranar nan babu abin da ke gabansa sai wannan kofin.

Tikiti shi ne babbar matsala, da shi za ka fara. Hukumar GAA, mai kula da wasan, tana raba kaso mai yawa ta hannun ƙananan kulob-kulob na gundumomin da suka kai fainal, don haka wanda ke da rajista a kulob ɗin unguwarsu ya riga kowa, in kana da aboki ko abokin aiki da ke cikin kulob ka yi masa magana tun ranar da aka san masu fainal, kar ka bari sai ana gobe. Abin da ya rage, in ya rage, shi ake sakawa a intanet kuma kafin ka ce kwabo ya ƙare, saboda haka ka buɗe akawun tun da wuri ka sa katinka a ciki. Wanda ya tare ka a Facebook yana cewa yana da tikiti ka turo kuɗi, rabu da shi, ana damfarar mutane sosai a makon fainal, kuma tun 2021 akwai dokar da ta hana sayar da tikiti sama da kuɗinsa a manyan filayen da aka ayyana. In ka samu, sauke shi a wayarka tun daga gida, don mutum dubu arba'in da wani abu in suka taru wuri ɗaya netwok tsayawa yake yi cak.

Tikitin iri biyu ne, na kujera da na tsaye a bayan raga. Na kujera ya fi tsada, ya fi dacewa da mai yara ƙanana ko dattijo, kuma daga gefe ka fi ganin yadda ƴan wasa ke rarrabuwa a fili. Ni dai in matashi ne mai ƙarfin ƙafa zan ce ya shiga na tsaye, can ne waƙa da ihu da hayaƙi mai launi suke, sai dai fa za ka tsaya awa uku ko fiye kuma in ka fita fitsari wurinka ya tafi.

Ka tabbatar da filin da za a yi, don ba kullum wuri ɗaya ba ne, wani lokaci Gaelic Grounds a Limerick, wani lokaci Páirc Uí Chaoimh a Cork, amma wanda kowa ke fata shi ne Semple a Thurles, ƙaramin garin da aka kafa GAA a cikinsa a 1884 a otal ɗin Hayes, otal ɗin na nan har yau a dandalin Liberty. In Thurles ne ka hau jirgin ƙasa, garin na kan layin Dublin zuwa Cork, daga tashar Heuston ake tashi, kuma daga tashar Thurles zuwa filin da ƙafa ma ka isa, amma ka kama kujera tun farkon mako. In da mota ne ka fito da sassafe ka ajiye ta nesa da gari ta ɓangaren da za ka koma, tafiyar minti ashirin a ƙasa ta fi maka zaman gosulo bayan an tashi.

Kuma don Allah kar ka iso daidai lokacin take wasa, ka yi asarar rabin abin. Tun kafin azahar dandalin ya cika, masu sayar da hula da tuta da zaren ɗaurin kai na ta kira, iyalai sun buɗe but ɗin mota suna cin sanwici da shayin fulas a bakin titi, kaka da jika duk jesi iri ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne ba a raba magoya baya, mai ja na zaune kusa da mai kore ana zolayar juna, an tashi a yi musabaha. Ƴan wasan ma ba albashi ake biyansu ba, malamin makaranta ne da manomi da ɗalibi da ma'aikacin banki, kowa gundumar da ya fito yake bugawa, shi ya sa za ka ji mutum na kiran ɗan wasa da sunansa na gida, ya san uwarsa ya san ubansa. Ka shiga fili da wuri ka ga faretin da ƙungiyoyin biyu ke yi a bayan ƴan badujala suna zagaya fili kafin taken ƙasa, ƙarar da ke tashi a lokacin har a ƙirji kake jin ta.

Kaya kuwa, rigar ruwa mai hula ko da ka ga rana ta fito, lema tare wa na baya gani take yi, sai takalmi mai daɗin tafiya, ruwan sha, da pawa bank. Jaka ƙarama kawai.

Sai fahimtar wasan, wanda in ba ka shirya masa ba minti goman farko ƙwallon ma ba za ka gani ba. Mutum 15 kowane ɓangare, minti 35 sau biyu, kowa da sanda mai faɗin kai da hular kwano, wadda ta zama dole tun 2010. Ƙwallon ƙarama ce ana ce mata sliotar. In ta bi ta saman sandar raga tsakanin dogayen turaku maki 1 ne, sai ka ga mai farar riga a bayan raga ya ɗaga farar tuta, in ta shiga raga gol ne maki 3, koriyar tuta ke nan. Allo kuma raba su yake yi, gol a gaba maki a baya, wato 2-18 maki 24 ne, ya fi 0-23, kar girman lamba ta biyu ya ruɗe ka. Ɗan wasa na iya cafe ƙwallo da hannu amma taku huɗu kawai zai yi da ita, in zai ci gaba da gudu sai ya ɗora ta a kan sanda, kuma ba a jifa, marin ta ake yi da tafin hannu. Dabarar kallo ita ce in gola ya buga ƙwallo daga gida kar ka bi ta a sama da ido, kalli inda ƴan wasa ke rugawa, nan za ta sauka, za ka ga mutum uku sun yi tsalle sanduna na karo a iska ɗaya ya miƙa hannu tsirara a tsakiyarsu ya cafke.

Kar ka kama jirgin dawowa na kusa-kusa, don fainal ɗin nan ya saba zarcewa. A 2022 a Thurles, Tony Kelly na Clare ya yanko ƙwallo daga layin gefe tana ƙasa ya tsallakar da ita saman raga a daƙiƙun ƙarshe aka yi kunnen doki, sai a ƙarin lokaci Limerick ta ci. Limerick ɗin nan sau shida a jere ta ɗauka daga 2019 zuwa 2024, sai a 2025 Cork ta karɓe a gidan Limerick, shi ma sai da aka je bugun fenariti. Kuma an tashi ma ba a watsewa nan take, jama'a kan kwarara cikin fili a tsaya jin jawabin kyaftin, in kana da yara ka riƙe hannunsu sosai ku kuma yanke wurin haɗuwa tun kafin ku shiga.

In tikiti ya gagara, tashar talabijin ta RTÉ na nuna fainal ɗin kyauta a cikin Ailan, na ƙasashen waje kuma su duba GAA+, dandalin kallon wasannin ta intanet, amma ka tabbatar rajistarka na aiki tun ana gobe.